Sandar giyar Porsche 911 SC ta 1982: in canza ta ko in bar ta yadda take?

Ɗan_Zango_Hamburg:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masu sani nake nema. Ina da Porsche 911 SC ƙirar 1982, inji lita 3.0, giyabos ɗinta shi ne wanda ake kira 915, mai giya biyar. Inji lafiya lau, jiki ba tsatsa. Sandar giya ce ke damuna. Ta yi sako-sako, ko mota tana cikin giya sai ka ji sandar tana juyawa a hannunka kamar muciya a tukunya. Giya ɗaya ba ta shiga sai da lallashi idan na tsaya a danja, giya biyu kuma tana gurnani da safe kafin mota ta ɗumama. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saukowa daga biyar zuwa huɗu a babbar hanya, don hannuna ba ya gane inda layin uku da huɗu yake.

Na ga ana sayar da kayan gyara iri-iri. Akwai na kamfanin Porsche kansa mai rage nisan tafiyar sanda, akwai Wevo, akwai Rennshift, akwai kuma na Seine Systems da ake ɗorawa a kan sandar asali. Wanne ya fi? Ina son motar nan ƙwarai, ba na so in yi mata abin da zan dawo ina cirewa.

Usta_Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka sayi komai, yaushe rabon da a canza bushin ɗin sandar, wato 'yan robobin da ke riƙe da gaɓoɓinta?

Ɗan_Zango_Hamburg:
Oga Usta, tun da motar ta zo hannuna ba a taɓa wurin ba. Takardun da mai ita na baya ya ba ni ma babu maganar bushin a ciki.

Usta_Panteka:
To nan za ka fara. Ban taɓa kwance 911 ba, amma na yi shekaru a kan Volkswagen Beetle tun lokacin da ake harhaɗa ta a Legas, kuma tsarin ɗaya ne: inji da giyabos a baya, direba a gaba, dogon ƙarfe ya bi ta tsakiyar mota ya haɗa su. A Beetle bushin ɗaya ne a bayan sanda, sai mahaɗi a ƙarƙashin kujerar baya. Idan waɗannan suka mutu, direba zai rantse maka giyabos ya tashi aiki, alhali roba ce ta cinye. Mutane da yawa sun sauke giyabos mai lafiya saboda wannan.

Injiniya_Stuttgart:
Maganar Usta daidai take, bari in ƙara bayani a kan 915 ɗin kansa. Wurare uku ne robar take. Na farko ɗan kofi ne da ƙasan sandar ke zama a ciki. Na biyu zobe ne da dogon ƙarfen ke ratsawa, yana nan kusa da gindin sandar. Na uku mahaɗin baya, wanda ke ɗauke da bushin biyu. Shi wannan za ka same shi idan ka ɗaga kafet a bayan kujerun gaba, ka kwance ɗan murfin ƙarfe da ke ƙasa. Duka huɗun kuɗinsu bai kai na cika tankin motarka ba.

Motarka ta haura shekara 40. Idan na asali ne a ciki, robar ta daɗe da bushewa. Rawar da kake ji a hannu ba daga wuri ɗaya take zuwa ba. Kowace gaɓa tana ba da ɗan sarari, sandar kuma doguwa ce, sai ta mayar da milimita ɗaya na ƙasa ya zama abin da tafin hannu ke ji sosai a sama. Ka ɗora sabuwar sanda mai tsada a kan mataccen mahaɗi, rawar tana nan.

Sadauki_911:
Ni dai na sa Wevo a tawa, Carrera 3.2 ta 1985, ta rage nisan tafiyar sandar, kuma ban yi nadama ba ko kaɗan. Malam Ɗan Zango, tsoron da ka ambata na biyar zuwa huɗu gaskiya ne, kuma sabon bushin ba zai kawar da shi gaba ɗaya ba. Sandar 915 ta asali sifirin ɗinta na gefen biyar da ribas ne kawai. Tsakanin layin ɗaya da biyu da layin uku da huɗu babu abin da ke tura ta, duk inda ka sake ta nan take tsayawa. Haka aka ƙera ta. Wevo da Rennshift da na Seine duk suna sa sifirin ta ɓangarori biyu, idan ka sake ta a firi sai ta dawo tsakiya da kanta. Daga biyar, fitar da ita kawai za ka yi, ta koma tsakiya, ka ja baya. Ba lalube.

Malam_Bature_Kaduna:
Me zai faru idan mutum ya kuskure ya sa biyu maimakon huɗu? Tambaya nake don in ƙaru.

Injiniya_Stuttgart:
Idan gudun ya yi yawa kuma ya saki kuloci, tayoyi ne za su juya injin da ƙarfi fiye da abin da zai iya ɗauka. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka tana aiki ne idan da totur ka matsa, tana yanke masa wuta ko mai. A nan kuwa ba totur ke juya shi ba, don haka ba ta da abin yi. Bawul kan lanƙwashe, wani lokaci abin ya fi haka muni. Shi ya sa ban raina hujjar Sadauki ba. Abin da nake cewa kawai shi ne a bi abin daki-daki.

Maman_Ilham_Birmingham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tsohuwar Mazda MX-5 nake tuƙawa, ta farkon fitowa, kuma giyarta ko da yatsa biyu kana iya sa ta. Na taɓa tuƙa 911 irin ta Alhaji sau ɗaya, na sha mamakin bambancin. Daga baya aka nuna mini dalili: a MX-5 sandar kai tsaye take shiga cikin giyabos, don yana nan ƙarƙashin hannunka. Babu dogon ƙarfe, babu mahaɗi. Abin da nake so in ce wa Alhaji shi ne kada ya sa ran duk abin da ya saya zai mayar da 915 ta zama haka. Idan da wannan burin ya shiga, zai kashe kuɗi ransa kuma ya ɓaci.

Ɗan_Zango_Hamburg:
Na gode Hajiya. Ba na neman ta zama motar zamani. So nake in san inda giya take ba tare da na kalli hannuna ba.

Baba_Direba:
Yarana, ku bar ni in sa baki. Na tuƙa Fijo 404 da 504 masu giya a jikin sitiyari, na yi Kano zuwa Maiduguri da su ba adadi. Waɗannan sandunan tafiyarsu ta fi ta kowace mota da kuke magana a kai tsawo, amma ba mu taɓa cewa a gajarta su ba. Hannu ne ke koyon mota. Ka fitar da giya, ka ɗan dakata a firi daidai numfashi ɗaya, sannan ka jingina sandar a bakin giyar da kake so, ka bar ta ta karɓa da kanta. Wanda ke fizgar giya shi ke kai mota gareji. Alhaji, ka gyara abin da ya lalace, sauran ka bar wa hannunka.

Sadauki_911:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce a kan dakatawa a firi, haka nake tuƙa tawa har yau. Amma 504 ba ta gudun da 911 ke yi a hanyoyin Jamus. Kuskure a kilomita 80 daban yake da kuskure a kilomita 160.

Baba_Direba:
Haka ne ɗana. Amma mai gudun 160 shi ya fi kowa bukatar natsuwar hannu.

Gwani_Giyabos:
Akwai abu biyu da ake ta cakuɗawa a nan, ya kamata a raba su. Rage nisan tafiyar sanda daban, daidaita layukan giya daban. Mai tambaya bai yi kukan cewa sandarsa tana tafiya da nisa ba. Kukansa rawa, da rashin gane layi, da gurnanin giya biyu.

Yadda ake gajarta tafiyar sanda ba wani sirri ba ne. Ana ɗaga wurin da take juyawa a kai, ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo, sai ɗan motsi a sama ya ba da motsi mai yawa a ƙasa. Amma abin da ka samu a nisa ka biya shi da ƙarfi, sandar za ta ƙara nauyi a hannu. Mafi muhimmanci, sinkuro da ke cikin giyabos, wato zoben da ke sa giya ta shiga ba tare da gurnani ba, bai san ka canza komai ba. Lokacin da yake bukata don ya daidaita gudun giya da na shaf yana nan yadda yake. Sinkuron 915 kuwa irin na Porsche ne na da, wanda suka fara sa wa 356 tun 1952: zoben ƙarfe ne mai tsaga, an shafe bayansa da wani sinadari mai kaushi, yana aiki da gogayya. Yana da ƙarko idan an bi shi a hankali, amma ba ya son gaggawa. Sanda mai gajeren zango tana sa hannu ya isa bakin giya da wuri, direba ya ga kamar an ba shi izinin sauri. Idan zoben giya biyu ya riga ya sha jiki, gurnanin ƙaruwa zai yi, ƙananan haƙoran da ke kama giyar su ci gaba da cinyewa. Na buɗe giyabos irin wannan, na ga haƙoran giya ɗaya da biyu sun zama kamar an goge su da magagari, kuma mai motar bai daɗe da sa gajeriyar sanda ba.

Saboda haka ni a ganina sifirin mai dawo da sanda tsakiya abu ne mai amfani. Rage nisa kuwa, sai giyabos mai cikakkiyar lafiya.

Sadauki_911:
Gwani, na yarda da rabewar da ka yi. Sai dai Porsche da kansu sun rage tafiyar sandar a motocin 1985 da 1986, kuma suna da nasu kayan na zaɓi, M241, mai rage kusan kashi 20 cikin ɗari. Da abin yana kashe giyabos ba za su sayar ba.

Gwani_Giyabos:
Sun sayar wa masu sabbin motoci ne, masu sabon sinkuro. Tasa ta 1982 ce, kuma ba mu san kilomita nawa giyabos ɗin ya ci ba tare da an buɗe shi ba.

Abu_Khalil_Kano:
Ku yi haƙuri, ni abin da ban gane ba shi ne yadda mutum zai zuba kuɗi a motar da ta girmi wasunmu, alhali da kuɗin zai sayi sabuwa mai giya otomatik ya huta. Ga kuma 'yan'uwa a gida da ke cikin matsi.

Ɗan_Zango_Hamburg:
Malam Abu Khalil, na ji maganarka kuma ban ɗauke ta da zafi ba. Haƙƙin gida yana wuyana kuma ina ƙoƙarin saukewa, Allah ne shaida. Motar nan kuwa ita ce abin da nake samun natsuwa da shi bayan aiki. Tun ina yaro nake son inji. Idan na shige ƙarƙashinta da sifana a hannu, gajiyar mako ce ke sauka.

Maman_Ilham_Birmingham:
Kowa da abin da ke faranta masa rai. Wani doki yake kiwo, wani tattabaru. Ba a tambayi mai doki dalilin da bai sayi babur ba.

Admin_Garejin_Zumunta:
Jama'a a koma kan sandar giya don Allah. Malam Abu Khalil, an ji shawararka, an gode.

Usta_Panteka:
Wani abu da ba a ambata ba: kuloci. Alhaji ya ce giya ɗaya ba ta shiga idan yana tsaye. Wannan sau da yawa ba laifin sanda ba ne, kuloci ne ba ya sakin giyabos gaba ɗaya. Ga gwaji mai sauƙi. Mota ta ɗumama, tana tsaye, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku ko huɗu, sannan ka sa ribas a hankali. Ribas ba shi da sinkuro. Idan ya yi ƙara duk da ka jira, to shaf yana juyawa, kuloci na ja. A nan ko sandar zinare ka sa ba ta da amfani.

Injiniya_Stuttgart:
Madalla da Usta. Kuma kulocin 915 na waya ne, ba na mai ba, don haka ana saita shi. Wayar tana miƙewa da tsufa, kuma akwai sifirin mai lanƙwasa a ƙarƙashin giyabos da ke taimaka wa ƙafa, shi ma yana gajiya. Littafin gyaran motar ya ba da ma'aunin tafiyar wayar, milimita 25. A duba har katakon da ke bayan feda, don akwai abin tsayar da feda a jikinsa, idan ya goce kuloci ba zai kai ƙarshe ba.

Sai mazaunin inji da na giyabos. Robobi huɗu ne ke riƙe da su duka. Idan sun saki, giyabos yana motsi a kwana ko lokacin da ka taka totur, dogon ƙarfen kuma yana manne da jikin mota ta gaba. Sai ka ga giya tana shiga lafiya a miƙaƙƙiyar hanya, a kwana ta ƙi.

Ag_Tenere_Agadez:
Salamu alaikum. Ni ba ni da Porsche, amma duk lokacin da na ji sunan 911 sai in tuna tseren Paris-Dakar da ya riƙa ratsa ƙasarmu a da. A 1984 René Metge ya ci tseren da 911, a 1986 ya sake ci da 959. Manyanmu a Agadez har yau suna ba da labarin motocin nan. Idan giyarta ta jure rairayin Tenere, ina ganin ƙirar asali ba abin rainawa ba ce.

Gwani_Giyabos:
Sannu ɗan'uwa na Agadez. Tarihin da ka kawo daidai ne, sai dai motar 1984 ɗin an ƙera ta ne musamman don tseren, ana kiranta 953, tayoyinta huɗu duka ke ja. Ba za a auna ta da motar titi ba. Kuma motar tsere makanikai ne ke bin ta suna duba ta kowane dare.

Ag_Tenere_Agadez:
Na ƙaru, na gode Malam Gwani.

Ɗan_Zango_Hamburg:
'Yan'uwa ga rahoto. Na buɗe murfin baya kamar yadda Injiniya ya ce. Bushin ɗaya na mahaɗin ya farfashe, guntayensa na kwance a ƙasa, ɗayan kuma ya zama kamar ba shi. Kofin gindin sanda ya tsage. Na canza duka huɗun. Kafin in kwance na yi wa ƙarfen alama da fenti a daidai inda matsewar take, don in mayar da shi yadda na same shi. Bambancin ba kaɗan ba ne, alhamdu lillahi. Rawar ta ragu ƙwarai, giya ɗaya tana shiga. Na yi gwajin Oga Usta, ribas ya shiga shiru, don haka kuloci lafiya.

Abin da ya rage: giya biyu har yanzu tana gurnani da sanyin safiya, kuma biyar zuwa huɗu ya fi da, amma ban sami cikakkiyar natsuwa ba.

Usta_Panteka:
Masha Allah. Yanzu ka san ainihin abin da ke gabanka. Wane man giya ke ciki?

Ɗan_Zango_Hamburg:
Takardar gareji ta nuna mai na roba ne, wato na haɗin sinadarai (sintetik), irin na zamani, 75W-90.

Gwani_Giyabos:
Ka canza shi kafin ka yanke hukunci a kan giya biyu. Tun da sinkuron Porsche da gogayya yake aiki, mai mai santsi sosai yana rage masa kamu. Masu 915 da yawa suna komawa mai na gargajiya, 80W-90, kuma Swepco 201 ya yi suna a wurinsu. Abin da ba a sassauci a kai shi ne ya zama GL-5, don difarenshal, mai raba ƙarfin inji ga tayoyin baya, yana cikin gida ɗaya da giyoyin, mai ɗaya suke sha, haƙoransa kuma suna bukatar mai mai jure matsi. Wajen lita 3 yake ci. Ka fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi buɗuwa. Notin zubarwar yana da maganaɗisu. Ka duba abin da ya kama. Laushin ƙarfe kamar toka ba komai ba ne. Idan ka ga guntayen haƙora, magana ta canza.

Sadauki_911:
A nan zan ɗan saɓa wa Gwani. A sanyin Hamburg mai mai kauri yana iya sa giya ta ƙara tauri da safe kafin ya ɗumama. Akwai masu amfani da mai na roba a 915 suna jin daɗinsa. Ba duka ne iri ɗaya ba.

Gwani_Giyabos:
Tauri da safe na yarda. Amma tauri daban, gurnani daban. Tauri yana wucewa bayan 'yan kilomita, gurnani kuwa ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Baba_Direba:
Da safe ka tashi da ɗaya, ka bar ta ta ɗan yi tafiya a hankali, idan za ka sa biyu ka taka kuloci sau biyu: ka taka ka fito firi, ka saki, ka sake takawa ka shiga. Haka muke yi wa manyan motoci da ba su da sinkuro ko ɗaya. Kuma idan kana tsaye kana son ɗaya, ka fara taɓa biyu sannan ka tura gaba. Ba sisi za ka kashe ba.

Turbo_Yaro:
Ni fa ina ganin duk wannan wahala ce. A cire 915 a sa G50 kawai, magana ta ƙare. Kowa ya san ya fi.

Injiniya_Stuttgart:
Ƙanena, G50 giyabos ne mai kyau, Getrag suka yi shi, ya shigo 911 daga ƙirar 1987 da sinkuro irin na Borg-Warner da kuloci na mai. Amma ba a ɗaga shi a jefa cikin SC haka kawai. Ya fi 915 girma da nauyi. Sai an taɓa bututun da ke riƙe da sandunan sifirin na baya ko a gajarta gidan kuloci, a canza feda, a canza fulayiwil da sandar giya da sauransu. Kuɗin ya ninka na sake gina 915 ɗinsa, kuma motar ta daina zama SC ta asali. Mutumin da bushin huɗu suka magance masa rabin matsala ba ya bukatar a yanka masa mota.

Hajiya_Oldtimer_Köln:
Tun da an zo maganar asali, Alhaji motarka tana da lambar H? Ga waɗanda ba sa Jamus: mota idan ta kai shekara 30 kuma tana nan a kan ƙirarta, ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, harajinta ya zama tsayayye, kuma tana shiga unguwannin da aka hana tsofaffin motoci saboda hayaƙi. Sharaɗin shi ne duk canjin da aka yi ya dace da zamaninta. Kayan Porsche na M241 na zamanin ne, ba wanda zai yi maka magana. Sandar zamani da aka sassaƙa daga alminiyom kuwa, idan tana ɓoye a ƙarƙashin robar asali da kan sanda na asali da wuya a damu, amma ni zan tambayi mai duba motar a TÜV, cibiyar binciken lafiyar motoci a Jamus, kafin in saya. Kuma duk abin da ka cire ka adana shi a kwali. Ranar da za ka sayar, mai saye zai tambaya.

Ɗan_Zango_Hamburg:
Tana da H, Hajiya, kuma ba na so in rasa ta. Wannan ya sa na fara karkata ga na Seine, tun da sandar asali ake bari, nisan tafiya bai canza ba, sifirin da ƙofar layi, wato ƙarfen da ke yi wa sandar jagora zuwa layukan giya, kawai ake ƙarawa.

Sadauki_911:
Zaɓi ne mai kyau, amma ka sani akwai ɗan ƙarfe da ake maƙalawa a jikin sandar, masu yi da yawa walda suke yi masa don ya zauna daram. Ke nan sandar asalin ma an taɓa ta. Wevo kuwa ka kwance naka ka ajiye, ka ɗaura nasu, ranar da ka ga dama ka mayar. Idan ana maganar komawa asali, ni a wurina wannan ya fi tsafta.

Hajiya_Oldtimer_Köln:
Sai ya nemi tsohuwar sanda ta biyu a wurin masu kayan gwanjo, a yi waldar a kanta, tasa ta zauna a kwali.

Malam_Bature_Kaduna:
Ina bin ku tun farko. Abin da na lura, Gwani da Baba suna cewa kada a rage nisa, Sadauki yana cewa ya rage kuma lafiya. Sadauki, an taɓa buɗe giyabos ɗinka?

Sadauki_911:
An sake gina shi kafin in sa sandar. Sabbin zobba, sabbin haƙoran ɗaya da biyu.

Gwani_Giyabos:
To ka ga inda muka haɗu. A kan sabon giyabos ni ma ba zan hana ka ba.

Sadauki_911:
Mun haɗu a nan, amma ban janye ba. Ko da tsohon giyabos, inji ya fi sinkuro tsada. Idan aka ce in zaɓa tsakanin zoben giya biyu ya ƙarasa cinyewa da wuri da kuma in sa biyu a gudun 150, na san wanda zan zaɓa. Kuma mutum yana iya sa gajeriyar sanda ya ci gaba da dakatawa a firi kamar yadda Baba ya koyar. Sandar ba ta tilasta wa kowa gaggawa.

Usta_Panteka:
Ba ta tilastawa, amma tana ruɗar hannu. Na ga haka a wurin yaran da ke sa wa Golf irinta. Alhaji, akwai kuma saitin mahaɗin. Ka ce ka mayar da shi kan alamar fenti. Alamar nan ta saitin da aka yi da matattun bushin ce, wataƙila wani ya taɓa gyara shi don ya rufe rawar. Yanzu da komai ya matse, ka sake saitawa daga farko: a firi sanda ta tsaya a miƙe, nisan da take tafiya gaba zuwa uku ya yi daidai da wanda take tafiya baya zuwa huɗu. Juyi kaɗan a wurin matsewar yana matsar da layukan duka zuwa hagu ko dama. Mai yiwuwa rashin natsuwarka a biyar zuwa huɗu daga nan yake.

Injiniya_Stuttgart:
Wannan shawara ce mai kyau. Idan za ka zubar da mai, ka kwance ɗan murfin da ke ƙasan giyabos ma, akwai ƙarfe mai baki biyu a jikinsa da ke yi wa sandar ciki jagora. Notocinsa kan saki, kuma idan sun saki layukan giya sukan ɓace ko da komai na waje sabo ne. Ka tanadi sabon gasket kafin ka buɗe.

Ɗan_Zango_Hamburg:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan canza mai, in duba murfin ƙasa, in sake saitin mahaɗi, in kuma tuƙa ta haka zuwa ƙarshen bazara. Maganar sifirin tana nan a raina, don tsoron nan bai tafi ba. Sadauki, idan na sa wanda ke dawo da sanda tsakiya, abin da ke hana a faɗa ribas daga biyar yana nan, ko ana cire shi?

Sadauki_911:
A tawa yana nan, sandar ta zo da nata makullin ribas. Na Seine kuwa gidan sanda na asali ake bari, don haka ka tambayi mai sayarwa yadda ƙofarsu ke zama da ɗan harshen hana ribas da ke ciki. Idan kana kusa da Hannover wani ƙarshen mako ka zo ka tuƙa tawa, in tuƙa taka, kowa ya ji da hannunsa.

Gwani_Giyabos:
Idan za ku yi haka, ku yi da safe motocin suna sanyi. Kuma Alhaji ka ɗauko mana hoton maganaɗisun notin nan kafin ka goge shi.